Shiru Har Faci Ya Fito

Shafi na 19

Masu zagin Injiniya a ƙarƙashin shafin da ya wuce, na karanta duka. Wasu sun ce matsoraci ne, wasu sun ce taurin kai ne kawai. Ni da nake rubuta shi ban gama sanin wanne ne ba. Ku karanta wannan tukuna, sannan mai sauran zagi ya ci gaba.

*

"Kunna."

Hedimasta bai ɗaga murya ba. Yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin kwamfuta, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan yana nuna baƙin akwatin da ke ƙarƙashin tebur, wanda manhajar makarantar take ciki. Wayar intanet ɗin akwatin tana yashe a ƙasa, a cire.

Injiniya bai juyo ba. Sunan ma Hedimasta ne ya laƙaba masa don tsokana, tunda bai taɓa zama ajin kwamfuta ba. A kan teburin gyaran wayoyi ya koyi abin da ya koya.

"Ba zan iya ba yanzu, Malam."

"Ba za ka iya ba, ko ba za ka yi ba?"

"Duka biyun."

"To tashi ka leƙa taga."

Ba sai ya leƙa ba. Tun safe yake jin su. Iyaye ne a tsakar makaranta, kowa da waya a hannu, ana ta danna shafin da ya ƙi buɗewa. Ranar fitar sakamakon jarrabawa ce.

"A buga musu a takarda mana," in ji Injiniya.

"Da wace tawada? Wa ya tsaya gaban iyayen nan ya ce zamanin takarda ya wuce? Ni ne? Tun ranar ba wanda ya sake saya wa firinta tawada. Yanzu ta zama wurin ajiye kofin shayinka."

Injiniya ya ɗauke kofin daga kan firintar, ya rasa inda zai ajiye, ya riƙe a hannu.

Abin da ya kasa faɗa shi ne wannan. Jiya da hantsi yana gyara wani abu dabam ya gano cewa in aka ƙara wata 'yar kalma a ƙarshen adireshin shafin, sai ofishin makarantar ya buɗe wa mutum kamar shi ne mai ita. Ba tambayar lambar sirri. Hotunan yara, gidajensu, lambobin iyaye, wanda ke zuwa ɗaukar kowane yaro, duk a fili. Cikin ruɗewa ya ruga babban zauren hira na intanet na masu manhajar, ya rubuta abin dalla-dalla, har da yadda ake yi. Mai kula da zauren, wadda ke amfani da sunan Bushiya, ta goge saƙon, ta yi masa wankin babban bargo, sannan ta karɓi alkawari a wurinsa: ba zai gaya wa kowa yadda ake shiga ba, sai an fitar da faci an toshe ɓarakar.

"Ka gaya mini me ya lalace," in ji Hedimasta.

"Akwai matsala."

"Wace iri?"

"Irin wadda ba a faɗa tukuna."

Hedimasta ya yi dariyar da ba ta kai ido ba.

"Su wa suka hana ka faɗa?"

"Masu manhajar."

"Yawwa. Ba ni lambar kamfanin, in kira manajansu da kaina."

"Ba kamfani ba ne, Malam. Na sha gaya maka. Mutane ne daga ko'ina, suka haɗu suka rubuta, suka bar ta a buɗe kowa ya ɗauka, kowa ya ga cikinta. Ba manaja."

"To wa ke sa su aiki?"

"Ba kowa. Sa kai ne."

"Wato ka ɗauki makarantar matata kacokan ka ɗora a kan mutanen da ba wanda zai iya kora."

 Abin haushin shi ne maganar ba ƙarya ba ce.

Da wani ne, da ya ja shi gefe ya nuna masa. Amma Hedimasta mutum ne da labari ba ya kwana a wayarsa. In ya gani yanzu, kafin ya kai ofis ya tura wa ƙungiyar masu makarantu, da niyyar alheri, da hoton allo, da kibiya ja yana nuna inda ake dannawa.

"Kafin a kaɗa ƙararrawar tashi," in ji Hedimasta. "Ko ka kunna, ko ka ajiye mini makullin ɗakin nan in nemo wanda zai kunna. Sa waya a rami dai ba sai an yi digiri ba. Kai ma shaida ne. Wallahi darajar yayarka kake ci."

Ya fita bai ja ƙofar ba.

*

Injiniya ya jawo laftof ɗinsa, ya haɗa da intanet ɗin wayarsa, ya shiga babban zauren.

Mutum uku suna gardama a kan ko maɓallin ajiyewa ya zama kore ko shuɗi. Da alama tun jiya suke yi.

Ya rubuta: "Don Allah ina Kunkuru? Gaggawa ce."

Kunkuru shi ne wanda ya rubuta ɓangaren shiga da lambar sirri. Kowa a zauren ya san haka.

Na'urar amsawa ta zauren ta riga kowa: "Barka da zuwa! Kafin ka yi tambaya, ka duba tambayoyin da aka saba yi."

Ya yi tsaki.

Wani ya ce: "Wace fitowa ta manhajar kake amfani da ita?"

Wani ya ce: "Ba a kiran mutum ɗaya da suna a nan. Ka faɗi matsalarka, wanda ya sani zai amsa."

Ya rubuta: "Ba zan iya faɗar matsalar ba."

"To ta yaya za mu taimake ka?"

Wani kuma, mai hoton kyanwa da tabarau, ya jefo tasa: "In kana sauri haka, manhajar a buɗe take. Rubuta gyaran ka turo, muna maraba."

Injiniya ya kalli wannan saƙon ya daɗe. Ya rubuta amsa mai tsawo, da ta taɓo kyanwar da tabaraun da wanda ya haifi mai su. Ya goge. Bai gama gogewa ba saƙon Bushiya ya faɗo ta gefe, inda ba mai gani sai su biyu.

Bai san ko mace ce ko namiji ba. Hoton bushiya ne kawai a wurin, shi ya sa a ransa yake ce mata "ita".

"Ka daina kiran sunansa a fili kana cewa gaggawa," ta rubuta. "Kana tara mana ido."

"Ina yake?"

"Yana aiki."

"Wane aiki ya fi wannan?"

"Wanda yake ci da iyalinsa da shi. Bas yake tuƙawa. Ba ya taɓa waya sai ya sauka."

Injiniya ya jingina da kujera. Shekaru yana ganin sunan nan a ƙasan kowane gyara, ya ɗauka wani farfesa ne a wani dogon bene mai sanyi. Ashe mutumin yana can yana jiran fasinja su gama hawa.

"To ke ki gyara."

"Ni sharar zaure nake yi, da rubuta bayanin yadda ake amfani da manhajar. In na taɓa wannan ɓangaren zan buɗe ƙofa biyu garin rufe ɗaya."

"Sauran fa? Masu gardamar kore da shuɗi?"

"Ba su sani ba. Kuma ba za su sani ba sai facin ya fito."

"Za a kore ni daga aiki yau. Mijin yayata ne shugaba a nan. Iyaye sun cika tsakar gida."

"Na ji, kuma ban ji daɗi ba. Ka ce masa akwai hatsari, kar ka ce masa ta ina."

"Ba ki san shi ba. Ba a ba shi rabin magana."

 Alamar tana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Shi ya riga ta.

"Me ya sa ba za ku yi shela ba? Ku ce kowace makaranta ta kashe tata. Ba sai kun faɗi dalili ba."

"Mun taɓa yi. Masu makarantu sai an kwana biyu suke leƙa saƙonmu, wasu ma ba sa leƙawa sam. Masu neman ɓaraka kuwa a zauren nan suke wuni. In muka ce kowa ya kashe, su muka fara gaya wa akwai abin nema. Za su samo kafin rabin makarantun su ji labari."

"Wato in an yi shiru yara suna cikin hatsari, in an yi magana ma suna ciki."

"E. Mun zaɓi wanda ya fi ƙarancin hatsari. Ban ce maka mai daɗi ba ne."

Ya tsaya yana kallon amsar. Ya so ta yi masa gardama, ko ta yi masa ƙarya ta ce komai lafiya, ya samu wanda zai huce a kansa. Ta ƙi.

Ya rubuta tambayar da tun jiya yake kewaye ta.

"Saƙona na jiya. Wa ya gani kafin ki goge?"

"Ban sani ba. Lokacin da ka tura, ba na kusa. Ya ɗan daɗe a wurin."

"Ɗan daɗewa kamar yaya?"

"Ya daɗe."

*

Ƙofar ta rufu a bayansa, ya ji an murza makulli.

Yaya ce, mai makarantar. Farin alli a gefen mayafinta, takalmi ɗaya ya fara cin diddige. Ta jawo kujerar yara, irin 'yar ƙaramar nan, ta zauna a kai gwiwoyinta suka kusa kai mata ƙirji.

"Na tura Hedimasta ya ba iyaye haƙuri," ta ce. "Ya iya. Zai yi musu jawabi har su gaji su tafi da kansu. Yanzu ni da kai ne."

"Yaya..."

"Ni na goya ka. Na san fuskarka ta ƙarya, na san ta tsoro. Wannan ta tsoro ce. Me ka gani?"

"Na yi alkawari."

"Wa ka yi wa?"

"Wata... wani... mai kula da zauren."

"Ka taɓa ganinta?"

"A'a."

"Sunanta?"

"Bushiya."

Yaya ta dube shi sama da ƙasa.

"Ka yi wa bushiya alkawari, ka bar ni da iyayen yara a rana."

Duk da halin da yake ciki sai da dariya ta kusa ƙwace masa. Ita ba ta yi ba.

Ya yi tunani. Alkawarin da ya yi, kar ya faɗi yadda ake shiga ne. Bai ce ba zai nuna abin da ke bayan ƙofar ba. Ya san wannan wayo ne irin na mai neman mafita, amma ya karɓa.

"Juya baya," ya ce.

"Ni?"

"Don Allah, Yaya."

Ta juya tana gunaguni. Ya matsa kan kwamfutar ɗakin, wadda ke haɗe da akwatin kai tsaye ba sai da intanet ba, ya rubuta abin da zai rubuta.

"Juyo."

Ta juyo. Ofishinta ne a kan allo. Jerin yara da hotunansu, da unguwa da lambar gida a gefen kowanne.

"Wa ya ba ka lambar sirrina?"

"Ba wanda ya ba ni. Ban sa lamba ba. Ba ta tambaya ba."

"Kai kaɗai ka iya wannan?"

"Duk wanda ya san kalmar. Daga ko'ina. Daga kan gadonsa ma."

Ta miƙa hannu kamar za ta rufe fuskokin yaran da tafinta, ta fasa.

"Innalillahi. To kar ka kunna. Ko Hedimasta zai yi tsalle ya taɓa silin, kar ka kunna. Ni zan ji da shi."

Wani abu ya sauka daga kafaɗarsa. Bai gama sauka ba ta sake magana.

"Tamu ce kaɗai?"

"A'a. Duk makarantar da ke da wannan manhajar."

"Har ta bayan tashar mota?"

"Ni na sa musu da hannuna, kafin su sallame ni su ɗauko ɗan'uwan mai makarantar. Tasu tana kunne. Na duba da safe, shafin yana buɗewa."

 Yaya ta sa hannu ta dafe bakinta.

"Mene ne?"

"Ba komai."

"Yaya, ni ma na san fuskarki."

Ta kalli ƙofa, ta sassauta murya.

"'Yar Auta tana can."

Bai gane ba da farko. Auta ƙanwarsu ce, wadda ta bar gidan mijinta bara da hannu a ɗaure da bandeji da 'yarta a kafaɗa. Kotu ta raba auren, ta bar mata yarinyar, ta hana mijin zuwa inda suke. Shi kuma ya rantse a bakin kotun, a gaban mutane, sai ya nemo su.

"Wace 'yar Auta? Auta ta bar gari."

"Haka muka ce maka."

"Kuka ce mini?"

"Tana nan. Ta kama ɗaki, tana aiki a masaƙa. Ba mu sa yarinyar a nan ba don nan zai fara zuwa. Ni na raka ta can na cike mata komai. Gidan da take, da wurin aikinta, da lokacin da take zuwa ɗaukar yarinyar. Da hannuna."

Ya miƙe tsaye, kujerar ta faɗi.

"Shekara guda ina tura mata gaisuwa ta bakinki! Ina tambaya ko ta saba da can! Ashe ina wuce ta a hanya?"

"Rage murya."

"Me na yi muku? Ni ba ɗan'uwanta ba ne?"

"Kai ba ka iya ƙarya ba, shi ne laifinka. Kuma tsohon mijin nata shi ya koya maka riƙe sukundireba. Har gobe in ya kira ka sai ka ɗauka ka ce 'Oga'. Da ya zaunar da kai ya sayo maka shayi ya yi maka hawaye, kana jin za ka iya kallon idonsa ka ce ba ka sani ba?"

Ya so ya ce zai iya. Bai ce ba. Ya ɗaga kujerar ya zauna.

Yaya ta nuna laftof ɗin da haɓa.

"Wannan zauren naku da ka je ka yi shela jiya. Su wa ke ciki?"

"Mutane da yawa. Daga ƙasashe..."

"Ban tambaye ka ƙasashe ba. Yana ciki?"

 Daga waje muryar Hedimasta tana tashi tana sauka, yana gaya wa iyaye tarihin kafuwar makarantar.

Tsohon mijin Auta ne ya fara nuna wa Injiniya zauren, tun suna shago ɗaya. Shi ya buɗe masa suna a ciki.

Injiniya ya jawo jerin 'yan zauren, ya gangara. Sunan yana nan, Gwanin Waya, da ɗigon kore a gefensa, alamar mutum yana ciki a wannan lokacin.

"Wannan koren fa?" in ji Yaya.

"Yana nan."

"Ya ga abin da ka rubuta?"

"Ban sani ba."

"Ka ce ba ka sani ba?"

"Ban sani ba, Yaya! Ba wanda ya sani!"

*

Yaya ta kira Auta. Wayar a kashe. A masaƙar ana karɓe wayoyi a ƙofa sai an tashi.

Shi kuma Injiniya ya rubuta wa Bushiya komai, ba tare da suna ba. Ƙanwa, yarinya, tsohon miji, makaranta ta biyu, ɗigon kore.

Amsar ta zo da sauri wannan karon.

"Zan iya fitar da shi daga zauren, amma in ya gani ya riga ya gani, kuma fitar da shi zai sa ya san akwai wani abu. Ku kira makarantar. Ku ce su kashe. Kar ku faɗi yadda ake shiga."

Yaya ta riga ta danna lambar, ta sa a lasifika. Mai makarantar bayan tasha ta ɗauka da muryar mai cin wani abu.

Suka gaisa gaisuwar mutanen da ba sa son juna, doguwa, har da tambayar jikoki.

"Wata alfarma nake nema," in ji Yaya. "Shafin nan naku na sakamako, ki sa a kashe shi yau. Akwai matsala a manhajar."

"Ikon Allah. Namu lafiya lau yake. Na dai ji an ce naku ne ya mutu tun safe, iyaye suna ta kirana."

"Mu muka kashe da kanmu. Akwai hatsari."

"Wane iri?"

Yaya ta kalli Injiniya. Ya girgiza kai. Ta cije leɓe.

"Ba zan iya faɗa a yanzu ba."

Matar ta yi dariya har da tari.

"Wa ya gaya miki? Ƙanin nan naki da muka sallama? Wato naku ya lalace ranar sakamako, shi ne mu ma mu kashe namu don a yi kunnen doki. Haba, 'yar'uwa. Da girmanki."

"To ki ji. Akwai yarinya ɗaya a aji biyu, wadda na kawo da kaina. Ki sa a cire adireshin uwarta daga ciki. Wannan kaɗai."

"Ba na taɓa bayanin yaro a kan maganar waya. Ke ma ba ki yi. Uwar ta zo da ƙafarta. Ki gaida Hedimasta."

Ta kashe.

Yaya ta ajiye wayar a kan cinya a hankali, kamar mai tsoron in ta yi sauri za ta jefa ta bango.

"Zan je in ɗauko yarinyar da kaina," ta ce. "Amma gidan fa? Auta za ta tashi daga aiki ta koma ɗakin nan ita kaɗai." Ta ɗago. "Ka ce duk wanda ya san kalmar yana shiga."

"Yaya."

"Daga ko'ina, ka ce. Daga kan gado."

"Ba tamu ba ce."

"In ka shiga, akwai inda ake rufewa?"

Akwai. Maɓalli ɗaya ne a ofishin, na rufe shafi don gyara. Danna shi zai sa komai ya kulle har sai wani ya je gaban akwatinsu ya buɗe da hannu.

"Akwai," ya ce.

"To me kake jira?"

Ya juya ga laftof.

"In na shiga tasu ta ɓarakar, na rufe kawai na fito? Ba zan kalli komai ba."

"A'a," in ji Bushiya.

"Don kare su ne."

"Na sani. A'a. Na'urarsu tana ajiye sawun duk wanda ya shiga, da abin da ya rubuta. Mai kula da ita zai buɗe ya ga kalmar, ya tambayi abokansa mene ne wannan, kafin yamma ta zaga gari. Ka rufe ƙofa ɗaya ka raba makullin sauran. Kuma laifi ne a doka, a wurinku da wurinmu. Ba zan iya kare ka ba."

"Ƙanwata ce."

"Na ji. Wallahi na ji. Amma ban taɓa haɗuwa da wanda ya shiga na'urar wani ba tare da kyakkyawan dalili a ransa ba. Shi ma mutumin nan da kake tsoro, in ka tambaye shi, 'yarsa yake nema."

Injiniya ya ture laftof ɗin har ya bugi kofin shayi.

"Me ta ce?" in ji Yaya.

"Ta ce a'a."

"Ita tana da ƙanwa?"

"Ban sani ba."

"Kai ba abin da ka sani yau. Ta ga hannun Auta ranar nan? Ita ta riƙe mata kai a asibiti? Mutanen nan suna can inda ba mu sani ba, suna da dokokinsu masu kyau. Ni ban ce dokar ba ta da kyau ba. Amma in wani abu ya faru yau, Bushiya za ta rubuta maka 'ban ji daɗi ba', ta koma sharar zaurenta. Mu ne za mu je."

Abin da ya fi ci masa rai shi ne duk su biyun gaskiya suke faɗa. A wasu garuruwan da bai taɓa ji ba akwai wasu yaran, da wasu uwayen da suka ɓuya, su ma shirun nan ne kaɗai katangarsu. Bai san fuskar ko ɗaya ba. Ta 'yar Auta ya sani, da wushiryarta, da yadda take kiransa Kawu tana jan wasalin.

Ƙararrawar tashi ta kaɗa.

Kusan tare da ita aka buga ƙofar.

"Injiniya! Lokaci ya yi. Wa ya kulle ɗakin nan?"

Yaya ta tashi ta jingina bayanta da ƙofar.  Ƙaninta take kallo.

Ya jawo laftof ɗin. Ya buɗe sabon shafi. Ya rubuta adireshin makarantar bayan tasha, wanda shi ya zaɓa musu da kansa. A ƙarshensa ya ƙara kalmar.

Ya danna.

Ofishinsu ya buɗe. Ba tambaya, ba gardama. Fuskokin yaran da ba nasa ba suka jeru a gabansa, maɓallin rufewa yana can sama a kusurwa. Ya kai kibiyar kansa.

Laftof ɗin ya yi ƙara. Saƙo ne ta gefe, daga sunan da bai taɓa yi masa magana ba.

Kunkuru.

"Yanzu na ajiye mota. Na karanta komai a tsaye, ko takalmi ban cire ba. Kuskurena ne, ni na bar ƙofar nan. Na gode da ka gano, na gode da ka riƙe bakinka, na san ba sauƙi. Ina jin na san gyaran. Ina so in ba ka facin ka gwada kafin kowa, in ya yi mu tura wa duk makarantu yau, har da wadda ke damunka."

Wani layin ya biyo baya.

"Abu ɗaya nake tambayar duk wanda zan ba wa irin wannan. Ban da taka, ba ka gwada a kan na'urar kowa ba, ko?"

"Danna mana!" in ji Yaya. Ƙofar tana girgiza a bayanta.

Kibiyar tana kan maɓallin. Hannunsa bai motsa ba.

"Kana nan?" in ji Kunkuru.